Oga ya rasu ban je duba shi ba, yanzu ni aka ce in yi jawabin tunawa da shi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ni lauya ce, aikina na farko bayan na gama makarantar lauyoyi shi ne mataimakiyar bincike a ofishin wani mai shari'a na kotun ɗaukaka ƙara, shekara 3 na yi a ƙarƙashinsa. Baba muke ce masa dukanmu. Mutum ne mai tsauri sosai, daraf ɗina na farko, wato rubutun da nake shirya masa ya duba, sau 6 ya dawo min da shi, akwai ma ranar da sai da na shige banɗaki na sha kuka saboda maganar da ya yaɓa min a gaban rajistara. Amma gaskiya duk abin da na iya yau a hannunsa na koya. Da na samu aiki a wani kamfanin lauyoyi na je na faɗa masa, ko ɗago kai bai yi ba, cewa kawai ya yi "kin yi gaggawa". Abin ya min ciwo, na tafi ban sake waiwayarsa ba, shekara 4 ko waya ban buga ba. Da naji ba shi da lafiya sai nake ta cewa sati mai zuwa zan je, sati mai zuwa, har Allah ya karɓi abinsa watan jiya. Yanzu mu tsofaffin mataimakansa mun buɗe guruf a WhatsApp, za a yi taron tunawa da shi, sun ce ni zan rubuta jawabi in karanta a madadinsu wai na fi kowa alƙalami. Anti wallahi ji nake kamar munafuka. Sannan akwai wata shari'a da nasan yadda ya kwana bai runtsa ba, gari na wayewa ya canza matsayinsa ya saɓa wa sauran alƙalai biyun, wannan labarin ya fi komai nuna ko shi waye amma sirrin ofis ne, shin in faɗa? Kuma matarsa ta kira ni tace akwai littattafansa na rubutun hannu kwali biyu, in zo in duba abin da za a yi da su. Ni dai na rasa ta ina zan fara.

Wata Barista

Wa alaikis salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta, ku kuma Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Ki karɓi aikin. Na fara da wannan ne don kar ki karanta rabin amsata ki tafi guruf ki ce musu ba za ki samu dama ba, nasan halinmu lauyoyi, muna da uzuri a aljihu ko yaushe, yau ana sauraron ƙara gobe ana shigar da takardu. Munafuki shi ne wanda zai tsaya gaban jama'a ya yabi mutumin da a ransa bai ɗauke shi a bakin komai ba, ke kuwa da bakinki kika ce duk abin da kika iya a hannunsa kika koya, toh ina munafurcin yake? Abin da ke cin ki sunansa nadama, kuma ba zan lallashe ki in ce ba ki yi laifi ba, kin yi. Shekara 4 ba kira, sannan kika ji yana kwance kika yi ta ɗage zuwa kamar shari'ar fili, wannan sakaci ne da ɗan girman kai a ciki, kuma ƙofar gyara shi ta wajensa ta riga ta rufe. Sai dai ƙin yin jawabin ba zai biya ko kwabo daga cikin bashin ba, ƙari ma zai yi, don kin guje masa yana raye sannan ki sake guje masa bayan ransa.

Maganar nan ta "kin yi gaggawa" da kika riƙe shekara da shekaru, ni ban san me ke ransa ba kuma ke ma ba ki sani ba, amma na zauna da irin waɗannan tsofaffin har na ɗan gane yarensu. Alƙalin da bai damu da ke ba murmushi zai yi ya ce Allah ya sa alheri ya sa hannu a takardarki, kafin ki kai bakin ƙofa ya manta sunanki. Wanda ya kasa ɗago kai ya dube ki, sau da yawa wanda tafiyar ta taɓa ne. Malamai suna ba da labarin Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, wai ya taɓa ganin ya isa sai ya je ya buɗe nasa zauren karatu ba tare da ya nemi izinin malaminsa ba. Abu Hanifa bai ce masa uffan ba, sai ya tura wani mutum da tambaya: an kai wa mai wanki tufa, da aka zo karɓa ya musanta cewa an ba shi, daga baya kuma ya dawo da ita a wanke, shin yana da ladan wanki? Abu Yusuf ya ce yana da shi, mutumin ya ce ka yi kuskure. Ya ce toh ba shi da shi, ya ce nan ma ka yi kuskure. Ashe amsar sai an rarrabe, in ya wanke kafin ya musanta yana da lada, in bayan ya musanta ne ya wanke toh don kansa ya yi, ba shi da komai. Nan take Abu Yusuf ya naɗe tabarmarsa ya koma gaban malam. Kuma wannan Abu Yusuf ɗin shi ne ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, ya rayu shekara kusan 30 bayan rasuwar Abu Hanifa a 767 miladiyya, ya saɓa masa a mas'aloli da dama har da ta wakafi, amma har yau ba wanda ke kiran sunansa bai haɗa da na malaminsa ba. Bambancinku kawai shi ya samu ya koma, ke ba ki samu ba. Amma malami ya ce wa almajiri ka yi gaggawa, wannan tsohuwar magana ce, ba kora ba ce.

Nima na yi irin aikinki, shekara 2, tun lokacin da ake buga hukunci da tafireta. Nawa ogan ba ya faɗa, da ma ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Jan biro gare shi, duk inda na rubuta "a bayyane yake cewa" sai ya zagaye ya rubuta kalma ɗaya tal a gefe, "shafi?". Wato a wane shafi na bayanan shari'ar kika ga haka. Wata rana na kawo wani tsohon hukunci a matsayin hujja, alhali ban karanta shi ba, a wani littafin karatu na ga an ambace shi na kwafo. Ya kira ni, ya zare tabarau ya ajiye a kan fayil, ya ce in ba shi labarin abin da ya haɗa masu shari'ar. Na tsaya ina ta kame-kame. Bai ƙara ko kalma ba, ya miƙo min makullin laburare ya ci gaba da rubutunsa. Da na ɗauko kundin na karanta sai na tarar maganar da na jingina wa kotun ashe ta alƙalin da aka rinjaya ce, hukuncin kansa akasin haka ya tafi. Da ya sa hannu a haka, da wani bawan Allah ya rasa haƙƙinsa saboda lalacina. Ƙanwata yau shekara nawa, wallahi ko saƙo zan tura in na fara rubuta "a bayyane yake" sai hannuna ya tsaya.

Toh irin wannan ake so ki kawo a jawabinki. Kar ki cika mana kunne da gogagge, haziƙi, bango abin jingina, waɗannan kalmomin za a faɗe su sau 20 kafin a zo kanki, manyan alƙalai da shugabannin lauyoyi duk za su yi. Abin da babu mai shi sai ku shi ne yadda yake in an rufe ƙofar ofis. Daraf ɗin nan da ya dawo sau 6, me ya canza tsakanin na 1 da na 6? Me yake fara buɗewa in an kawo sabon fayil, hujjojin lauyoyi ko shaidar da aka ɗauka a kotun ƙasa? Wace kalma ce ya tsana? Yaya yake yi in lauya ya zo bai shirya ba, yaya kuma yake yi in wanda ake ƙara ba shi da lauya? Ki zaɓi abu ɗaya ko biyu ki faɗe su dalla-dalla yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai ji kamar yana tsaye a bakin teburin.

Mutane da yawa ba su san wannan aikin ba, ɗauka suke akawun kotu ne mai kiran shari'a da ajiye fayil, alhali aikin mataimakin alƙali shi ne karanta fayil kaf, binciko dokoki da hukunce-hukuncen baya, rubuta taƙaitaccen bayani, wani lokaci har daraf ɗin farko na hukunci. A Amurka inda tsarin ya fi kafuwa, wani alƙali Horace Gray ne ya fara shi a 1875 yana babban alƙalin jihar Massachusetts, yakan ɗauko matashin da ya gama karatun lauya a jami'ar Harvard ya biya shi daga aljihunsa, da ya koma Kotun Ƙoli a 1882 ya tafi da tsarin, sai a 1886 gwamnati ta fara biya. Yau kowane alƙalin kotun yana da mataimaka 4 a shekara. Abin da ya sa na kawo miki wannan, ki dubi salsalar: Louis Brandeis ya yi wa Gray aiki, ya zo ya zama alƙalin Kotun Ƙoli a 1916. Henry Friendly ya yi wa Brandeis aiki a 1927, ya zama babban suna a kotun ɗaukaka ƙara. John Roberts ya yi wa Friendly aiki a 1979, yanzu shi ne Alƙalin Alƙalan Amurka tun 2005. Mutum 4 kacal, hannu da hannu, sun haɗe shekara sama da 140. Roberts ɗin nan ya kuma yi wa alƙalin Kotun Ƙoli William Rehnquist aiki a 1980, da Rehnquist ya rasu a Satumban 2005 yana cikin tsofaffin mataimakan da suka ɗauki akwatin gawarsa, kafin watan ya ƙare shi ya gaji kujerarsa. Haka da alƙaliyar Kotun Ƙoli Ruth Bader Ginsburg ta rasu a 2020, tsofaffin mataimakanta sama da 100 suka jeru a matattakalar kotun suna jiran isowar gawarta. Kinga ba ku kuka fara jin cewa uba kuka rasa ba.

Kuma kar ki ɗauka duk waɗancan ogannin zuma ne. Dean Acheson, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka, ya yi wa Brandeis aiki daga 1919, kuma shi da kansa ya ba da labarin ranar da ya bar kuskure a hujjojin da ya jera a wani hukunci, Brandeis ya tuna masa cewa aikinsa gyara kurakuran alƙali ne, ba ƙaro nasa ba. Ya riƙe maganar har tsufansa. Saboda haka tsaurin Baba ki faɗe shi, in kika ɓoye duk wanda ya san shi a ɗakin zai gane kina shafa masa hoda ne, kuma dariyar da za a yi in kika ambaci jan bironsa ita ce za ta fi kowace kalma sanyaya zuciyar iyalinsa. Amma na ranar da ya yarfa ki gaban rajistara, wannan ki bar shi a gida. Ni ban yarda cewa wulaƙanci horo ne ba, kuskure ya yi a nan, manya ma suna yi, sai dai taron tunawa da mamaci ba wajen shigar da ƙara ba ne tunda wanda ake ƙara ba zai iya kare kansa ba. Ki yafe masa tsakaninki da Allah, in ya so ki riƙe shi a matsayin abu ɗaya da ba za ki gada ba.

Yanzu batun shari'ar nan da ya kwana a kanta. A'a. Kar ki faɗa, ko da kin cire sunaye, don ɗakin zai cika da lauyoyi ne kuma kafin ki kai aya wani ya gano wace ƙara ce, alƙalai 3 a kan benci, ɗaya ya saɓa, ai ba wuya. Nasan yana miki ƙaiƙayi a baki saboda labarin yabo ne, toh amma ki duba waye kuma ke cikin labarin. Akwai sauran alƙalai biyun, ƙila suna raye, ƙila ma suna zaune a sahun gaba, in kika ce Baba ya kwana yana fama da zuciyarsa har ya gano gaskiya, me kika ce game da su kenan? Akwai masu shari'ar, wanda ya faɗi zai ji cewa ashe hukuncin rawa yake har daren ƙarshe, ki tayar masa da mikin da ya fara warkewa. Sannan akwai yaran da ke aiki a ofisoshin alƙalai yau, duk alƙalin da ya ji ki a ranar zai koma ya rage abin da yake faɗa gaban mataimakinsa. Alƙali yana iya yin tunani da ƙarfi a gabanki ne, ya ce ina ganin na yi kuskure, saboda ya tabbata maganar ba za ta fita ba, kuma mutuwarsa ba ta warware wannan amanar ba.

Su kansu Amurkawa da suke son bankaɗa sun sha rigima a kan wannan. Hugo Black ya shekara 34 a Kotun Ƙoli, da ya ga ciwo ya ci ƙarfinsa a 1971 sai ya sa aka ƙone bayanan da yake rubutawa a zaman sirri na alƙalai, don gudun a zo a yi musu fassarar da ba haka ba. Thurgood Marshall kuma, shi ma alƙalin Kotun Ƙoli, ya ba Laburaren Majalisa takardunsa, ya rasu a Janairun 1993, aka buɗe su ga jama'a, kafin 'yan watanni jarida ta fara buga abin da ke ciki alhali abokan aikinsa suna kan kujera, har Rehnquist ya rubuta wa laburaren wasiƙar nuna ɓacin rai. A 1998 wani tsohon mataimakin alƙali Harry Blackmun ya fitar da littafi kan abin da ya gani a cikin kotun, littafin ya yi kasuwa amma da yawa daga alƙalai da tsofaffin abokan aikinsa suka ɗauke shi a wanda ya ci amana. Ni dai ba na so ranar tunawa da Baba ta koma ranar da ake nuna ki da baki.

Kuma ga mafita a hannunki ba ki lura ba. Ra'ayinsa na saɓawa ai ba sirri ba ne, ya karanta shi a buɗaɗɗiyar kotu, yana nan a rubuce kowa zai iya nema. Ki ɗauko sakin layi ɗaya daga ciki, wanda kika san da jininsa ya rubuta, ki karanta shi a hankali ki ce ga irin alƙalin da muka yi wa aiki. Ba sai kin ambaci daren ba. Ke kaɗai kika san abin da aka sha kafin a rubuta shi, kuma muryarki za ta nuna, wannan ya isa.

Tunda a madadinsu za ki yi magana, kar ki zauna ke kaɗai da laftof. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kira fa ba saƙon guruf ba, don a guruf kowa Allah ya jiƙan Baba zai rubuto ya wuce. Ki tambayi kowa abu ɗaya da yake yi a aiki yau wanda in ya bi sawu zai tarar daga Baba ya fito. Za ki sha mamaki, wani zai ce shi ko gyaran nahawu bai samu ba sai yadda ake sauraron mutum har ya gama, wata za ta ce shi ya rubuta mata takardar da ta samu gurbin karatu bai taɓa faɗa mata ba. Ki nemi sakatariyarsa da direba da masinja, su suka fi ku daɗewa da shi kuma ba mai gayyatarsu magana a irin wannan taro. Jawabin kar ya wuce minti 7 zuwa 8, mutumin da ya dawo miki da daraf sau 6 ba zai so dogon surutu ba. Sannan dan Allah kar ki mayar da mumbarin wajen neman gafararki, kina kuka kina cewa ban je ba ban kira ba, sai hankalin kowa ya bar mamaci ya dawo kanki. In kina so ki taɓa batun, jimla ɗaya ta wadatar, ki ce wasunmu ba mu samu mun gode masa yana raye ba, ki wuce. Ina tabbatar miki ba ke kaɗai za ki sunkuyar da kai ba.

Wajen da ya kamata ki faɗi cikakkiyar maganar shi ne gaban matarsa, kuma kafin taron, ba bayansa ba. Ki je ki zauna ki ce Mama na yi laifi, naji ciwonsa ban zo ba. Ki kuma tsaya ki yi tunani, a cikin duk waɗanda suka ratsa ofishin nan me ya sa lambarki ta nema? Matar alƙali ba ta san mataimaka daga fayil ba, daga bakin mijinta take jin sunayensu.

Kwalayen kuma ki bi su a hankali. Kar ki je ke kaɗai, ki tafi da ɗaya daga cikin manyanku a guruf ɗin, kuma kar wanda ya ɗauki hoton ko shafi ɗaya ya tura wa wani. Ku raba su gida biyu. Abin da ya shafi rayuwarsa, laccocinsa, jawabansa, wasiƙunsa na zumunci, wannan na magada ne su za su ce ga yadda za a yi. Abin da ya shafi tattaunawar alƙalai da daraf ɗin hukunci da duk takardar da ke da sunan masu shari'a, ku ɗaure shi daban ku tuntuɓi shugabancin kotun da ya yi aiki kafin kowa ya karanta, wani ma asalinsa na kotu ne ya biyo shi gida. In wata rana iyalin suna son a rubuta tarihinsa ba laifi, amma ba aikin wata ɗaya ba ne, Gerald Gunther ya yi wa alƙali Learned Hand aiki a 1953, iyalin suka ba shi takardun, bai fitar da tarihin ba sai 1994. Wannan karon gaggawar ba ta da wani amfani.

In kuna cikin dubawa kika ci karo da wata takarda da rubutunki a kai da jan bironsa a gefe, don irinsu ba sa yar da komai, wannan kam ki roƙi Mama ta bar miki.